Zuciya Ta Tashi, Hannu Ya Ƙi Jin Magana

Duk wanda yake gidan kallo ranar 12 ga Yuni, 2021 zai tuna yadda wuri ya yi tsit. Ana wasa tsakanin Denmak da Finlan, ana dab da tafiya hutun rabin lokaci, sai Christian Eriksen ya yanke jiki ya faɗi ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Zuciyarsa ce ta tsaya. Nan take likitoci suka rufu a kansa, suka danna masa ƙirji, suka jona masa na'urar da ke farfaɗo da zuciya. Bayan wata takwas da 'yan kai ya dawo fili yana taka leda a Brentford.

Shekara huɗu kafin nan, a watan Yulin 2017, irin haka ta sami Abdelhak Nouri, ɗan wasan Ajax mai shekara 20, a wani wasan sada zumunta a Ostiriya. Shi ma zuciyarsa ta tashi, amma ƙwaƙwalwarsa ta riga ta samu lahanin da ba ya gyaruwa. Daga baya kulob ɗin da kansa ya amsa cewa kulawar da aka ba shi a fili ba ta wadatar ba.

Waɗannan biyun su muka fi sani: wanda ya warke sarai, da wanda ya nakasa gaba ɗaya. Akwai mutane a tsakani, kuma su ne ba a cika maganarsu ba. Mutum ya farka, ya gane iyayensa, ya tuna lambar wayarsa, an sallame shi daga asibiti ana ta barka. Bayan kwanaki, ko makonni, wani ma watanni, sai jiki ya fara abin da mai shi bai sa shi ba.

Ni ban san da wannan ba sai lokacin da na yi SIWES a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti. Wata safiya na bi ogana zuwa ɗakin maza mu ɗebo jini. Akwai wani saurayi, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, kwance shiru kamar ba abin da ke damunsa. Oga ya ce ya miƙo hannu. Yana fara ɗagawa, hannun ya fizge gefe, ya dawo, ya sake fizgewa, kafaɗa da wuya suka ɗauka, har gadon yana ƙara. Da ya haƙura ya ajiye hannun, komai ya lafa. Sai da mutum biyu suka riƙe kafin aka sami jijiya. Mahaifiyarsa ta gaya mana asma ce ta tasar masa da dare, numfashi ya ɗauke, zuciya ta tsaya a hanyar asibiti, aka samu aka ceto shi. Ta ce dangi sun matsa a mai da shi gida, wai wannan ba ciwon asibiti ba ne. Tana cikin maganar sai ya sa baki, da kyar kalmomin ke fita, ya ce yana jin duk abin da ake faɗa a kansa. Wallahi kunya ta kama ni, don ni ma na ɗauka ba ya cikin hayyacinsa.

Matsalar famfo da matsalar wayarin

Mu kan haɗa abubuwa biyu mu kira su bugun zuciya, alhali sun bambanta. Na farko toshewar jijiyar da ke kai wa tsokar zuciya jini ne. Wannan matsalar famfo ce, kuma sau da yawa mutum yana farke, yana dafe ƙirji yana gumi. Na biyu shi ne zuciya ta daina harba jini kwatsam, galibi saboda lantarkin da ke tafiyar da bugunta ya rikice. Wannan matsalar wayarin ce. Mutum zai faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi yadda ya kamata. Na farkon yana iya jawo na biyun, amma ba shi kaɗai ba. Jan wutar lantarki, nutsewa a ruwa, asma mai tsanani, shaƙewa, zubar jini mai yawa wajen haihuwa, da ɗirkar kodin ko taramol fiye da kima, duk suna iya kai mutum can. Kun ga ke nan ba ciwon tsofaffi kaɗai ba ne.

Abin da ya sa ƙwaƙwalwa ce ke fara jin jiki shi ne ci gare ta kuma ba ta ajiya. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da muke amfani da ita. Ba ta da rumbu, ba ta da batir. Jini na yankewa, cikin daƙiƙa goma ko kusa da haka mutum ya sume. Daga minti huɗu zuwa shida ƙwayoyinta sun fara mutuwa. Kuma ɓarnar ba ta tsayawa da dawowar jini. Kowa ya san yadda ake ɗauke wuta, a dawo da ita da ƙarfi, ta ƙone firji da talabijin. To haka dawowar jini ke tayar da wasu sinadarai da kumburi waɗanda ke ci gaba da lahanta ƙwayoyin har tsawon sa'o'i da kwanaki.

Ba ko'ina ne ke lalacewa daidai ba. Wuraren da suka fi aiki su suka fi saurin galabaita. Akwai sashen da ke adana sabon abin da aka koya, shi ya sa mantuwa ke damun da yawa daga waɗanda suka tsira. Akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke ƙeya, wadda ke daidaita motsi, ta sa cokali ya tafi baki kai tsaye ba kunci ba. Sai wasu curin ƙwayoyi a can tsakiyar ƙwaƙwalwa waɗanda ke aikin burki da giya: su ke sakin motsin da ka yi niyya, su danne wanda ba ka yi niyya ba. 'Yan makanikal za su fi kowa ganewa. Inji yana nan lafiya, direba ya san inda za shi, amma burki ya shanye ko giya ta ƙi shiga.

Fizgar da ke jiran ka motsa

Abin da na gani a jikin saurayin nan likitoci na kiransa ciwon Lance da Adams. James Lance likita ne ɗan Ostireliya, Raymond Adams kuma babban likitan ƙwaƙwalwa ne a Boston ta Amurka. A 1963 suka wallafa bayanin marasa lafiya huɗu da suka rayu bayan ƙwaƙwalwarsu ta rasa oksijin, suka farka, sannan fizga ta addabe su. Ku lura da shekarar. A 1960 ne wasu masana a asibitin Johns Hopkins suka bayyana hanyar danna ƙirji da ake amfani da ita har yau. Kafin a iya dawo da mutane da yawa, ba a cika samun wanda zai rayu har a ga abin da zai biyo baya ba.

Ita fizgar, sunanta a likitance mayokulonas, kuma kowannenmu ya ɗanɗana 'yar ƙaramarta. Shaƙuwa ita ce. Zaburar da kake yi daidai lokacin da barci ke ɗaukarka a lakcar ƙarfe biyu, ita ma ita ce. Tsoka ce ke harbawa farat ɗaya, kamar an ja ka da wuta. A wurin mai lafiya sau ɗaya ce ko biyu, a yi dariya a wuce. A wurin mai ciwon Lance da Adams kuwa, niyyar motsi ce ke kunna ta. Yana kwance, shiru. Yana barci, shiru. Ya ce bari ya ɗauki kofi, sai hannu ya ɗauki rawa, kuma iya ƙoƙarinsa na saita hannun iya tsanantar fizgar. Aikin da ke son natsuwa, kamar sa maɓalli, rubutu, ko latsa waya, shi ya fi wuya. Ƙarar rufe ƙofa, taɓawa ba zato, tsoro, ko jin idon mutane a kansa, duk suna tayar da ita.

Akwai kuma kishiyarta, wadda ta fi haɗari. Maimakon tsoka ta harba, sai ta saki na ɗan ƙiftawar ido. In a hannu ne, abin da aka riƙe ya faɗi. In a cinya ne mutum yana tsaye, gwiwa ta lanƙwashe. Shi ya sa za ka ga tafiyarsu kamar suna tsalle-tsalle a kan katifa, kuma faɗuwa ta yi musu yawa, har wasu su koma keken guragu alhali ƙafafunsu da ƙarfinsu. Magana ma takan sarƙe, don harshe da maƙogwaro tsoka ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da yawa daga cikinsu hankalinsu yana nan, ko kuma abin da ya taɓu kaɗan ne. Mutum yana lissafi daidai, yana gane habaici, yana jin haushi in an yi maganarsa a gabansa kamar ba ya wurin. Ciwon ba shi da yawa, kuma an fi ganinsa ga waɗanda numfashi ne ya fara ɗauke musu kafin zuciya, kamar masu asma.

Kada a haɗa shi da wata fizgar da ke zuwa a ranar farko ko ta biyu, mutum yana cikin dogon suma a ɗakin kulawa ta musamman, fuska da gaɓoɓi suna ta zabura ba tsayawa. Waccan takan nuna lahanin ya yi zurfi. Duk da haka likitocin yanzu ba sa yanke hukunci da ita kaɗai. Sukan jira aƙalla awa 72, su haɗa da gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa da sauran alamu, domin an sha samun wanda aka fid da rai da shi ya farka.

Sauran nau'o'in

Idan burki da giyar nan na tsakiyar ƙwaƙwalwa ne suka fi taɓuwa, abin yakan fito ta wata fuskar. Wani jikinsa zai sanƙare, motsi ya yi nauyi, taku ya gajarce, fuska ta daina nuna fara'a ko fushi, murya ta yi ƙasa. Kamar cutar Parkinson, sai dai maganin Parkinson, wato lebodofa, ba ya cika yi musu aiki sosai. A Parkinson sinadarin dofamin ne ya yi ƙaranci, sai a ƙara shi. A nan kuwa wurin da zai karɓi saƙon ne ya lalace. Ko ka loda kati, in wayar ta ƙone ba kira.

Wani kuma tsokoki ne za su riƙa ɗaurewa suna murɗa gaɓa: wuya ya karkace, yatsu su dunƙule, tafin ƙafa ya juya ciki, baya ya banƙare. Wannan ita ce distoniya, kuma tana da zafi. An lura ta fi kama yara da matasa, sanƙarewa kuma ta fi kama manya. Akwai masu karkarwa, akwai kuma waɗanda gaɓoɓinsu ke motsi barkatai kamar suna rawa ba kiɗa.

Distoniya ce ta fi iya ɓoyewa. Tana iya ɗaukar watanni, wani lokaci fiye da shekara, kafin ta bayyana, sannan ta riƙa yaɗuwa a hankali daga gaɓa ɗaya zuwa wata. Bayanin da masana ke bayarwa shi ne, ƙwaƙwalwa tana ƙoƙarin gyara kanta, ƙwayoyin da suka tsira suna miƙa sababbin rassa don cike gurbi, sai wasu haɗe-haɗen su zo a karkace. Kamar gidan da gobara ta ci wayoyinsa, aka kira mai gyara ya jona na fanka a layin hita.

A nan ne janareta ya shigo maganar, ko da yake shi ba sai zuciya ta tsaya ba. Hayaƙinsa, da na gawayin da ake shiga da shi ɗaki lokacin hunturu, yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar oksijin, kuma wuraren nan na tsakiyar ƙwaƙwalwa suna cikin waɗanda ta fi illatawa. A fito da mutum a sume, ya farfaɗo, ya koma harkokinsa. Bayan kwanaki ko 'yan makonni sai ruɗewa, mantuwa da sanƙarewar jiki su taso. Masu zama a gidajen haya na wajen makaranta da ke tura ƙaramin janareta cikin baranda ko bayan taga saboda tsoron ɓarayi, da ku nake.

Inda ake ɓata hanya

Jinkirin nan shi ke raba ciwon da sanadinsa a idon mutane. An yi murnar warkewa, an yi sadaka, wata uku sun wuce. Ranar da wuya ya fara karkacewa ba wanda zai tuna da daren da aka danna ƙirji. Sai a fara neman dalili a wani wurin: iska ce, sammu ne, ko kuma yaron ya fara shaye-shaye. Abin da ke ƙara rura wutar, a ciwon Lance da Adams hoton ƙwaƙwalwa yakan fito lafiya lau, domin lahanin ya yi ƙanƙanta ga na'urar. Dangi su ji an ce hoto bai nuna komai ba, su fassara shi da cewa asibiti ta gaza. Ga kuma fizgar da ke lafawa in mutum shi kaɗai ne, ta tashi in an taru a kansa. Wani sai ya ce da gangan yake yi.

Ba na ce kada a yi wa mara lafiya addu'a ba, kowa yana yi wa nasa. Abin da nake ƙi shi ne a ɗaure mutum, a yi masa turaren barkono, ko a dakatar da maganinsa. Mai asma da aka rufe a ɗaki da hayaƙi, ai an mai da shi inda ya fito. Kuma duk wanda zai kai irin wannan mara lafiya wurin likita, ya fara da labarin ranar da zuciya ko numfashi ya tsaya, ko da shekara ta zagayo. Wannan jimla ɗaya tana iya rage wa likita rabin aiki. Wanda ya kamata a nema shi ne likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma an fi samunsu a asibitocin koyarwa. Ba likitan taɓin hankali ba ne, aikinsu daban.

Magani akwai, sai dai na sassauci ne. Ga fizga ana ba da kulonazefam, balfurowet, lebetirasetam ko firasetam, sau da yawa a haɗa biyu ko uku kafin a dace. Wasu kan samu sauƙi sosai a tsawon shekaru har su koma tafiya da ƙafarsu, wasu kuma kaɗan. Magungunan ba na sayen kemis ba ne. Kulonazefam ɗan uwan diyazefam ne, jiki yana sabawa da shi, kuma daina shi farat ɗaya na iya jawo farfaɗiya. Balfurowet yana lahanta ɗan tayi, don haka mace mai shekarun haihuwa sai da shawarar likita. Ga distoniya ana amfani da bakulofen, da allurar botulinum a tsokar da ta ɗaure, da kuma benzekzol. Wannan na ƙarshen kun san shi da wani suna: shi ne Exol da wasu samari ke watsawa don maye. Maganin da wani ke nema don ya iya miƙe wuyansa, shi wani ke sha don ya bar hayyacinsa, har ta kai mai buƙata ta gaskiya yana jin kunyar tambayarsa a kanti.

Rabin jinyar kuma ba ƙwaya ba ce. Masu gashin ƙashi suna koya wa mutum tsayuwa da taku, akwai masu koyar da magana da haɗiya. Ƙananan dabaru suna aiki: kofi mai murfi da tsinken zuƙa, cokali mai nauyi, jingina gwiwar hannu a kan tebur, riga marar maɓalli, ƙarfen dafawa a banɗaki. In abokin karatunka ne ya dawo a haka, kada ka zo masa ta baya ka dafa shi, kada ka ƙarasa masa magana, kada ku yi masa zobe kuna kallo yana cin abinci. Ka tambaye shi kansa, ba wanda ya rako shi ba. Kuma ƙungiyar ɗalibai tana iya tsaya masa a ba shi ƙarin lokaci ko mai rubuta masa a jarrabawa, tunda amsar tana kansa, biro ne ya gagara.

Mintunan farko

Girman lahanin ya danganta ƙwarai da tsawon lokacin da ƙwaƙwalwa ta yi ba jini, kuma wannan lokacin a hannun na kusa yake, ba likita ba. Ana ƙiyasta cewa duk mintin da ya wuce ba a danna ƙirji ba, damar rayuwa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Mu a nan mun rasa Samuel Okwaraji a filin wasa na Legas a 1989, mun rasa Chineme Martins na Nasarawa United a Lafiya a 2020. Filinmu na gasar tsakanin sassa bai fi ƙarfin irin wannan ba.

In mutum ya faɗi, ka girgiza kafaɗarsa ka kira shi. In bai amsa ba, kuma ba ya numfashi, ko yana wani jan numfashi jefi-jefi kamar minshari, ka ɗauka zuciya ce. Jan numfashin nan yana yaudarar mutane su ce ai da ransa, a ba shi iska. Wani ma yakan ɗan yi fizge-fizge na daƙiƙoƙi a farko, a zaci farfaɗiya ce. Ka nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce ya kira 112 ya kuma nemo mota, don in ka ce "a kira" ba wanda zai kira. Ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. Ka ɗora tushen tafin hannunka a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kai, gwiwar hannu a miƙe. Ka danna da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, kusan biyu a kowace daƙiƙa, kana barin ƙirjin ya taso tsakanin dannawa. In ka gaji wani ya karɓa ba tare da an tsaya ba. Ko haƙarƙari ya tsage, yana warkewa. Ban da yayyafa ruwa, ban da ɗura madara, ban da cusa cokali a baki, ban da tsayawa ɗaukar bidiyo.

Danna ƙirji yana riƙe ƙwaƙwalwa ne kawai kafin a kawo na'urar da ke mai da bugun zuciya kan layi. Akwai ƙaramarta mai sarrafa kanta, girmanta bai wuce jakar laftof ba, tana magana tana gaya maka inda za ka manna da lokacin da za ka ja da baya, kuma ba ta sakin wuta sai ta auna ta ga ana buƙata. Na tambayi 'yan ajinmu ko akwai wanda ya san inda take a makarantar nan, ba wanda ya ɗaga hannu. Ga sababbin shugabannin ƙungiya, buƙatata biyu ce kafin mu ajiye biro: a binciko ko asibitin makaranta yana da ita, in babu a sa ta a kasafi, a riƙa kai ta bakin fili duk ranar wasa. Sannan a ware awa ɗaya a makon karɓar sababbin ɗalibai, a kawo ma'aikatan jinya da 'yar tsanar gwaji, kowa ya durƙusa ya danna da hannunsa.